Fuskar Kaka Ce, Ko Zanen Na'ura?

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shirya jana'iza a Sabon Gari ya san wannan hidima. Ana neman hoton marigayiya domin takardar tsarin sujada da bana, sai a tarar hoto ɗaya ne ya rage, wanda aka ɗauka shekara arba'in da suka wuce, ya koɗe, ruwa ya taɓa gefensa. A da, sai a kai wa mai buga takardu ya yi iya ƙoƙarinsa. Yau jika zai ɗauki hoton da waya, ya sa a manhajar gyaran hoto, kafin minti guda fuska ta fito tas. Kowa ya yi murna, sai babbar 'yarta ta duba ta ce, "Ya yi kyau, amma ina tsagen kumatunta? Wannan ba Mama ba ce."

Gaskiyarta. Domin mu gane dalili, bari mu duba yadda wannan fasaha ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, take aiki.

Yadda na'ura take zana hoto

An fara jin labarin waɗannan manhajoji sosai a Janairun 2021, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya nuna DALL-E. A 2022 Midjourney da Stable Diffusion suka fito. A Afrilun 2024 kuma Meta AI ta iso WhatsApp a Najeriya, abin ya shigo aljihun kowa.

Kafin manhaja ta iya zane, ana nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa da aka kwaso daga intanet, kowanne da rubutun da ke bayyana shi. Rumbu ɗaya da aka yi amfani da shi, mai suna LAION-5B, yana da hotuna fiye da biliyan 5. A lokacin horo ana rufe kowane hoto da ɗigo-ɗigo kaɗan-kaɗan, kamar yadda hazon hunturu yake rufe birnin Kano har a daina ganin gine-gine, sa'an nan a koya wa na'urar share hazon. Bayan ta yi haka sau da yawa ƙwarai, idan ka rubuta mata "makiyayi da tumaki a bakin rafi", sai ta fara da hazo zalla, tana sharewa mataki-mataki, tana cankar abin da ya dace da kalmominka, har hoto ya bayyana.

Ku lura da kalmar nan: canka. Na'urar ba ta taɓa ganin makiyayin ba. Abin da ya fi kama da dubban makiyayan da aka nuna mata shi take fitarwa.

Gyaran tsohon hoto ma canka ce

Idan hoto ya dusashe, abin da ya ɓace ya ɓace. Manhaja ba ta da inda za ta samo ainihin idon Kaka, sai ta cike gurbin da idon da ya fi yawa cikin hotunan da ta koya. Shi ya sa tana iya ɗaukar tsage a matsayin ƙarcewar takarda ta goge shi, ko ta rufe wushirya, ko ta ƙara wa fata haske.

An ga wannan a fili a Yunin 2020. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun fitar da wata manhaja mai suna PULSE da ke mayar da dusasshen hoto garau. Wani ya sa mata dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fitar da fuskar Bature. Fuskokin Turawa ne suka fi yawa a abin da ta koya. Wannan ne ma ya sa idan malamar makarantar Lahadi ta nemi hoton mutanen Littafi Mai Tsarki ba tare da bayani ba, sau da yawa fararen fata masu kama da mutanen Turai za a ba ta.

Amfaninta

Ba muna cewa a guje ta ba ne. Daga France Road zuwa Church Road, bango cike yake da fostocin taro, na bikin aure da na ƙaddamar da waƙoƙi. Ƙaramar ikklisiya da ba ta da kuɗin mai zane yanzu tana iya samun hoton koyar da yara ko adon kalandar Zumuntar Mata. Matashi mai aiki a shagon buga takardu kuma yana gama cikin awa guda abin da a da yake cin yini.

Akwai misali mai kyau a gida. Malik Afegbua, mai fasaha ɗan Legas, ya yi suna a farkon 2023 da hotunan tsofaffi maza da mata suna nunin tufafi cikin kwalliya ta alfarma. Da AI ya yi su, kuma bai ɓoye ba. Mutane suka yaba, ba wanda aka ruɗa.

Inda haɗarin yake

Matsala tana farawa ne sa'ad da aka miƙa zane a matsayin shaida. A Maris 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi ya zaga duniya, mutane da yawa suka gaskata, alhali da Midjourney aka yi shi. Wannan abin dariya ne. Na Filato ba na dariya ba ne. A rikicin Yunin 2018 an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, daga baya binciken BBC ya gano cewa wasu ba su da alaƙa da rikicin, ɗaya ma tsohon bidiyo ne daga Kongo. A lokacin sai maƙaryaci ya nemo tsohon hoto. Yau yana iya ƙera sabo da waya, ya sa masa sunan titin da muka sani. Mazauna Sabon Gari sun san abin da jita-jita take iya jawowa kafin rana ta faɗi: a rufe kasuwa, iyaye su ruga makaranta neman yara.

Kada mu dogara ga ƙirga yatsu ko neman karkataccen rubutu a hoto. Waɗannan alamu sun yi aiki a da, amma manhajojin suna ta gyaruwa.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, idan hoton tashin hankali ya shigo zauren WhatsApp na ikklisiya, kada a tura shi gaba. A tambaya wa ya ɗauka, a ina, yaushe. A kira wanda ke zaune a wurin, a kuma bincika hoton da Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa. Wanda ya tura hoton ƙarya ya sa hannu cikin shaidar zur, ko da ba shi ya ƙera ba.

Na biyu, idan mun yi hoto da AI, mu faɗa. Kada a ƙara jama'a a hoton taron da mutum hamsin suka halarta.

Na uku, kada a sa hoton wani a manhaja ba da izininsa ba, musamman na yara da 'yan mata. Yawancin manhajojin suna aika hoton zuwa kwamfutocin kamfani, ba a wayarka kaɗai yake tsayawa ba.

Na huɗu, ga batun Kaka: a ajiye hoton asali, kada a yar. A yi gyara kaɗan, a nuna wa waɗanda suka san ta kafin a kai bugu. In sun ce ba ita ba ce, a buga tsohon yadda yake. Gara jikoki su gaji koɗaɗɗen hoto mai tsagenta da su gaji kyakkyawar fuskar da ba ta taɓa zama a gidan ba.