Bakwaini da Madarar Gwangwani: Inda Lambar NAFDAC Ta Tsaya

In mace ta haifi bakwaini a Dogon Dawa, kafin a kai shi babban asibiti sai an yi tafiya, ko Birnin Gwari, ko Funtuwa, ko Shika ta Zariya, kuma kowa ya san irin wuyar da matafiya suka sha a hanyoyin nan shekarun baya. Shi ya sa akan yi renon a ɗaka, wani ɗan'uwa ya shiga kemis ya sayo madarar gwangwani don tausayi. A nan haɗarin yake.

Doka dai akwai ta. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar madarar jarirai, Nijeriya ta yi tata a 1990, NAFDAC ce kuma ke sa ido. Duk gwangwanin da ba shi da lambarta, ko wa'adinsa ya wuce, ko an buɗe shi ana aunawa a leda, a bar wa mai shago kayansa. A 2008 gurɓatacciyar madara ta jawo wa jarirai wajen 300,000 rashin lafiya a ƙasar Sin.

Amma lamba ba ta ce madarar ta dace da bakwaini ba. Hanjinsa bai ƙosa ba, kuma ciwon da ke ruɓar da hanji ya fi kama wanda bai samu nonon uwa ba. A Amurka har kotu aka je: a 2024 an yanke wa kamfanin madara na Abbott diyyar dala miliyan 495 kan wannan ciwon, ko da yake hukumomin lafiyar ƙasar sun ce babu tabbacin madarar ce ke haddasa ciwon, rashin nonon ne aka tabbatar yana ƙara haɗarin. Madarar asibiti ke nan fa, balle ta shayi ko nonon shanu.

Don haka nono ne kan gaba, har da dakashin da wasu kakanni ke cewa a zubar. In ba ya iya tsotsa, uwa ta tatsa a kofi mai tsabta a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ta kuma ɗora shi a ƙirjinta, fata da fata, a lulluɓe su.

In ta kama dole a ba shi madara, ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa. Garin madara yakan ɗauki ƙwayar cuta tun daga masana'anta, saboda haka a tafasa ruwa, a dama kafin ya yi rabin awa da saukewa, zafinsa bai gaza digiri 70 ba, sannan a huce. Kada a tsinka ta don gwangwani ya daɗe. Wadda ta kai awa biyu da damawa a zubar, kuma kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa.

Da an ga cikinsa ya kumbura, ko amai kore, ko jini a kashi, ko ya daina karɓar abinci, a nemi mota a lokacin, kada a jira gari ya waye.