Ƙashi Kafin Fata: Yadda Ake Gyara Surar Mutum a Cikin Kwamfuta

Duk maginin da ya san aikinsa a Faskari ko Sabuwa ba ya soma yaɓe sai ya tabbatar bango ya miƙe, domin farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara, duk haskenta, ba ta daidaita karkataccen gini. Wannan ƙa'ida ce masu ƙera mutanen majigi a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, suke bi. Ba su shafa launin fata sai sun kammala gyaran ƙirar jiki.

Ana gina surar ne da dubban ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu, haɗe da juna kamar saƙar raga. Da manhaja irin Blender, wadda aka sake wa jama'a kyauta a 2002, mai aikin yana matsa ragar yana jan ta tamkar yumɓu.

Matakin farko shi ne awo. Tsayin baligi ya kai kimanin tsawon kansa sau bakwai da rabi, kuma idan ya ware hannuwa, faɗinsu ya yi kusan daidai da tsayinsa. Na biyu, ƙashi. Baligi yana da ƙasusuwa 206, amma an fi lura da waɗanda ke bayyana ƙarƙashin fata, alal misali allon kafaɗa, ƙoƙon gwiwa da idon sawu. Na uku, tsoka. Tsoka ja take yi, ba ta turawa, shi ya sa ƙwanji ke tashi idan an lanƙwasa hannu. Daga nan sai a jera zaren ragar kewaye da ido, baki da gaɓoɓi, don su motsa ba tare da sun murɗe ba.

Me ya sa launi ke zuwa ƙarshe? Kafin a shafa shi, sai an tsaga ragar an shimfiɗa ta kamar yadda majemi ke shanya fata. Idan aka ƙara tsawon hannu bayan haka, zanen zai miƙe ya ɓaci, aikin kwanaki ya tafi a banza. Bugu da ƙari, masanin Japan Masahiro Mori ya nuna a 1970 cewa abin da ya kusa kama da mutum, amma bai cika ba, tsoro yake ba mai kallo.

Wannan bai hana a saɓa wa awo da gangan ba. Masu ginin gumakan Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, sun girmama kai ƙwarai fiye da yadda yake a jikin mutum, kuma aikinsu ya tsaya daram, don kowane sashe ya dace da ɗan'uwansa.

Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a kada ya raina darasin ƙwarangwal a ajin ilmin halittu. Malamai kuma su sa yara su auna tsayinsu da faɗin hannuwansu, su zana abin da suka gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.