Memori na bogi: Yadda hotuna da takardu ke salwanta a wayoyin Katsinawa

Ana saura kwana biyu wata Ƙaramar Sallah na sayi katin memori a hannun wani mai tebur a bakin titi a nan birnin Katsina. An rubuta 64GB a jikinsa, kuɗinsa kuma bai kai rabin na shago ba. Na saka a waya, wayar ma ta nuna 64GB. Ranar Hawan Sallah na tsaya a Ƙofar Soro na ɗauki bidiyon mahaya, washegari na naɗi hira da dattawa uku don wani rahoto. Da na zauna rubutu, sunayen fayilolin suna nan a jere, amma ko ɗaya daga cikin na baya-bayan nan bai buɗu ba. Da aka gwada katin a kwamfuta, ainihin cikinsa bai kai 8GB ba.

Dabarar masu haɗa irin wannan kati ba ta da wuya. A cikin kowane memori akwai wani ɗan guntun na'ura da ke gaya wa waya girman katin. Shi ake sauya wa bayani ya riƙa faɗin ƙarya. Muddin ba ka wuce ainihin girman ba, komai lafiya lau, shi ya sa gwajin da ake yi a gaban mai sayarwa, a tura waƙa biyar a ga sun yi, ba ya kama komai. Ranar da ka wuce iyakar ne sabon abu zai hau kan tsoho, ko ya tafi inda babu wurin zama.

Abin ya fi shafar mu fiye da yadda muke zato. A Katsina mutane da yawa ba su da kwamfuta, waya ce ofis, ita ce akwatin takardu. Hoton sakamakon WAEC, takardar NIN, rasit ɗin kuɗin makaranta na ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, bidiyon kamu da na suna, muryar mahaifin da ya rasu a saƙon WhatsApp, duk suna kwance kan abin da bai fi farce girma ba. Kuma shi wannan katin ake cirewa a miƙa wa masu tura fina-finan Kannywood da wa'azi, ya shiga kwamfutar da ɗaruruwan katuna suka shiga, ya dawo da ƙwayar cutar da ba a saya ba.

Wani ruɗanin kuma yana jikin kwalin waya. Za ka ga an rubuta 4GB da 64GB, mai saye ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙaramin adadin shi ne RAM, wato kamar faifan da ake bakace a kai: abin da ake aiki da shi yanzu ne kawai ke kansa, da zarar wayar ta mutu ya share. Babban adadin shi ne rumbu, inda hotuna da manhajoji ke kwana ko da babu caji. Idan waya tana sanƙarewa in ka buɗe Facebook da TikTok tare, galibi faifan ne ya yi kaɗan, kuma sayen memori ba zai yi maganin wannan ba. Shi kuwa 8+8 da ake gani a kwalin wasu wayoyin Tecno da Infinix, takwas na biyun aro ne daga rumbu, kuma bai kai na asali sauri ba.

Ko katin gaskiya ma ba ya dawwama. Fasahar da ke cikinsa, wadda injiniyan Toshiba Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a Japan a shekarun 1980, tana riƙe bayanai ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna. Kowane rubutu da gogewa yana cin ɗakunan, zafi kuma yana sa cajin ya riƙa zurarewa da sauri. Wanda ya san Katsina a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da wayar da aka bari a aljihun babur ke sha. A 1956 faifan ajiya na farko da IBM ya fitar bai wuce ɗaukar kimanin 5MB ba, hoto ɗaya ko biyu na wayar yau, kuma nauyinsa ya kai kusan tan guda. An samu ƙanƙanta da arha, amma abin da ya ƙanƙance haka ɓatansa ma ba wuya.

To ina mafita? Duk mai adireshin Gmail yana da 15GB kyauta a wurin Google, masu iPhone kuma 5GB a iCloud. Na san data tana da tsada, kuma tun 2024 abin da WhatsApp ke adanawa a Google Drive yana cin wannan 15GB ɗin. Don haka ba sai ka ɗora kowane bidiyon barkwanci ba. Takardu da hotunan da babu madadinsu ba su da nauyi, su za ka fara ɗorawa, sannan ka rubuta kalmar sirrin a takarda ka ajiye a gida, domin da yawa wani ne ya buɗe musu adireshin a shago kuma ba su taɓa sanin ta ba.

Idan kuma za ka sayi memori, ka saya inda za ka iya komawa, ka nemi a cika shi taf a kwamfuta sannan a buɗe fayilolin farko da na ƙarshe. Akwai manhajar H2testw ta kyauta da ke yin wannan gwajin, sai dai tana ɗaukar lokaci, kuma mai kayan bogi ba zai so ka jira ba. Ni dai da na koma bayan Sallah, ban tarar da teburin ba, kuma ɗaya daga cikin dattawan da na yi hira da su ya ce ba zai iya maimaita labarin ba.