Tafiya da Jakar Baya a Garin Fumbot

Yara, a darasinmu na yau za mu bar unguwar Briqueterie, mu tafi yammacin ƙasarmu Kamaru, inda ake noman kofi a kan tuddai. Wasu suna kiransa kafe, wasu kuma gahawa. Garin da za mu ziyarta shi ne Fumbot.

Daga Yawunde zuwa Bafusam tafiyar kusan kilomita 300 ce a mota. Ana haye kogin Sanaga a Ebebda, a wuce Bafiya da Makenene da Bangangte. Daga Bafusam sai a kama hanyar Fumban, a ƙetare kogin Nun. Nan da nan sai ga Fumbot, a ƙasar mutanen Bamum. Yawancinsu Musulmi ne, akwai kuma Hausawa 'yan kasuwa a cikinsu.

Wanda yake son ya san gari sosai ba ya zama a cikin mota. Yakan sauka ya goya jakarsa, ya taka da ƙafa. Ba ya cika jakar da kaya, don kowane abu yana ƙara nauyi a wajen hawan tudu. Gorar ruwa, da ɗan guzuri, da rigar sanyi, da ledar ruwan sama, da littafin rubutu sun isa. Rigar sanyi tilas ce, domin ƙasar tana da tudu, da dare kuwa akwai sanyi.

Da matafiyi ya fita bayan gari, abin da zai fara lura da shi shi ne ƙasa. Baƙa ce wuluk, mai laushi. Dalili kuwa, a zamanin da can duwatsun wurin sun yi aman wuta, tokarsu ta zama taki. Mafi shahara a cikinsu shi ne Dutsen Mbapit, mai tsawon kusan mita 2,000. A samansa akwai tafki a cikin wani rami mai zurfi. Fulani suna kiwon shanu a jikin dutsen. Baƙo ba ya hawansa shi kaɗai, sai da ɗan gari mai nuna hanya.

Irin wannan ƙasa da irin wannan sanyi su ne kofi mai suna arabika yake so. Asalinsa daga ƙasar Habasha ne. Itacen ba shi da tsawo ƙwarai. Idan aka dasa shi, sai ya yi shekara 3 ko 4 kafin ya fara 'ya'ya. Da fari yakan yi fure fari mai ƙamshi, sa'an nan 'ya'ya kore su fito. Idan sun nuna sai su yi ja. A cikin kowane ɗa akwai ƙwaya biyu.

Matafiyin da ya zo a ƙarshen damina zai tarar ana tsinka. Da hannu ake tsinke jajayen, a bar ɗanyun sai wani zagaye. Daga nan a ɓare su, a jiƙa, a wanke, a shanya a rana. Idan sun bushe sai a zuba a buhu. Ƙungiyar manoma ta UCCAO, wadda aka kafa a 1958, tana cikin masu tattara kofin yammacin Kamaru. Ana kai shi tashar jiragen ruwa ta Duwala, daga can ya tafi ƙasashen waje.

Amma mai tafiya a ƙafa zai ga wani abu kuma. Gonakin tumatir da masara da wake sun yi yawa a kewayen garin. A shekarar 1989 farashin kofi ya faɗi warwas a duniya. Manomin da ya yi shekara yana wahala ya rasa kuɗin makarantar 'ya'yansa. Saboda haka manoma da yawa suka juya ga kayan lambu, waɗanda suke nuna cikin 'yan watanni. Yau kasuwar Fumbot ta yi suna, motoci suna ɗaukar kaya daga can zuwa Duwala da Yawunde. Mai yiwuwa tumatirin miyar gidanku daga can ya fito.

Matafiyi na kirki yana da ladabi. Yakan yi sallama, ya gai da manya. Ba ya shiga gona ba izini, ba ya tsinkar abin da bai shuka ba, ba ya zubar da shara a hanya. Idan ya yi tambaya, yakan saurara da kyau, ya rubuta. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Sababbin kalmomi
jakar baya: le sac à dos
tudu: la colline
tafki: le lac
dutse mai aman wuta: le volcan

Tambayoyi
1. Waɗanne koguna biyu ake hayewa daga Yawunde zuwa Fumbot?
2. Me ya sa ƙasar Fumbot take baƙa?
3. Me ya sami manoman kofi a 1989?
4. Ku tambayi mai tumatir a kasuwarku daga ina ake kawo masa kaya.