Wayar Hannu da Sufana: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Motar Gudu

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Kazaure, ba ya rasa cin karo da wata tsohuwar mota da ta sha sabon fenti: Golf 3, ko Marsandi 190, ko BMW mai kai shida, jefi-jefi kuma Fijo 504. Da yawa daga cikinsu sun girmi matasan da ke tuƙa su. Sha'awar irin waɗannan motoci tana ƙaruwa saboda bidiyon YouTube da TikTok, inda ake nuna mota ta fito daga juji ta koma kamar sabuwa a cikin minti goma.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne tsarin aikin. Matashi kan sayi motar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya fara da rim da salansa mai ƙara, bayan wata biyu injin ya ɗauki zafi a hanyar Roni, gasket ya ƙone, mota ta zauna a ƙofar gida. Ƙa'idar masu wannan harka ita ce a mayar wa mota da lafiyarta kafin a ƙara mata ado ko gudu. A nan ne wayar da ke aljihu take da amfani, idan an san iyakarta.

Dalilin da ya sa ake son waɗannan motoci

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975. A wannan shekarar ne 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙura da laka. Golf GTI ta fara fita a 1976, Golf 3 kuma a 1991. Marsandi 190 da BMW E30 duk sun fito a 1982, E36 ta biyo baya a 1990. A tseren buɗe sabon filin Nürburgring na Jamus a 1984, Ayrton Senna ya zo na ɗaya da Marsandi 190E 2.3-16.

Marsandi da BMW da Fijo 504 duk tayoyin baya ne ke jan su, shi ya sa masu wasan mota suke ƙaunarsu. A Afirka ta Kudu, E30 ce sarauniyar wasan juya mota, har suna kiranta Gusheshe. Ga mai son gyara da hannunsa kuwa, abin jan hankali shi ne sauƙin ƙira: injin a buɗe yake, hannu yana kaiwa kusan ko'ina, kuma ana samun kayansu na gwanjo a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kusan kilomita 80 daga Kazaure, ko Panteka a Kaduna.

Na'urar da ke haɗa mota da waya

Mota mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da kanikawa ke kira burenbos, tana ajiye bayanin duk matsalar da ta gano a matsayin lamba. Ana karanta lambar ta wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, yawanci a ƙasan sitiyari. Ƙaramar na'ura mai suna ELM327 ce ake sokawa a ciki, ita kuma ta aika bayanin zuwa waya ta Bluetooth. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner ke nuna shi a allo. Mai iPhone sai ya nemi irin mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, don tsohon Bluetooth na na'urori masu arha ba ya aiki da ita.

Sai dai ba kowace tsohuwar mota ke jin wannan yare ba. Amurka ta wajabta OBD-II ga motoci daga ƙirar 1996. A Turai kuwa sai 2001 ya zama dole ga duk sabbin motocin fetur. Saboda haka Honda Accord 'yar Amurka ta 1998 za ta amsa, amma motar Kwatano da ta fito daga Jamus a 1993 ba lalle ba ne. Tsofaffin BMW suna da soket zagayayye mai ramuka 20 a gidan injin, wasu Marsandi na shekarun 1990 kuma mai ramuka 38. Wasu Golf 3 suna da soket mai ramuka 16, amma yaren Volkswagen suke yi, sai da kebul da manhajar da aka yi domin su, kamar VCDS. Fijo 504 mai kafireta ba ta da ƙwaƙwalwar da za a tambaya. Kafin a kashe kuɗi kan na'ura, a fara tantance shekarar mota da ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Wani abin lura: soket ɗin yana da wuta ko da an kashe mota. Na'urar da aka bari a soke kwana da kwanaki tana iya zuƙe batir.

Lamba alama ce, ba hukunci ba

Kuskuren da ya fi cin kuɗin sababbin shiga shi ne ɗaukar lambar matsala a matsayin sunan abin da za a saya. P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Dalilin zai iya zama fulogi, ko wayarsa, ko kwayil, ko nozul, ko kuma silindar ce ta rasa matsi. Hanya mai arha ita ce a musanya fulogin silinda ta ɗaya da na ta biyu, a goge lambar, a sake tayar da mota. Idan ta koma P0302, an kama mai laifi. Idan ba ta motsa ba, sai a gwada abu na gaba.

Haka P0171, wadda ke nufin iska ta yi wa mai yawa. Mutane kan ruga su sayi sensa, alhali sau da yawa tiyon roba ne ya tsage saboda tsufa da zafi, iska tana shiga ta bayan fage. P0420 kuwa tana magana ne kan matatar hayaƙin da ake kira indomi. Goge lamba ba gyara ba ne. Fitilar gargaɗi za ta mutu na ɗan lokaci, matsalar tana nan.

Amfanin manhajar da ya fi karanta lamba shi ne kallon injin yana aiki: zafin ruwa, ƙarfin wutar batir, saurin juyawar injin. Allurar zafi ta tsohuwar mota tana iya yin ƙarya, amma adadin da ke kan waya daga sensa yake zuwa kai tsaye.

Ga motar da ba ta da OBD-II, ƙaramar mitar awon wuta tana maye gurbi. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota a kashe take. Idan an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, altaneta ko bel ɗinta ne abin zargi, ba batir ba.

Zafi: babban abokin gaba

A watannin Afrilu da Mayu zafi a arewa maso yammacin Jigawa kan haura digiri 40. Wannan ne ya haifar da al'adar cire tamostat, ƙaramin bawul da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya yi ɗumi. Tunanin shi ne wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Gaskiyar ita ce an ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan aka cire tamostat, injin yana daɗewa bai kai wannan zafi ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta riƙa ƙara mai. Sakamakon shi ne shan mai, baƙin fulogi, da saurin cinyewar injin. Cire shi kuma ba ya magance ainihin abin da ke kawo zafin, wanda yawanci toshewar lagireto ne, ko fanka, ko famfon ruwa.

Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin tsatsa da farin gishiri a cikin lagireto. Ruwan sanyaya injin na gaskiya yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Murfin lagireto ma yana da aiki: matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu yana iya jawo zafin da za a ɗora wa injin laifi. Kuma ba a buɗe shi injin na da zafi, don tururin yana sale fuska da hannu.

Kowace ƙira tana da lagonta. A BMW E36, sassan roba na hanyar ruwa, kamar wuyan lagireto da farfelar famfo, suna bushewa su fashe. Injin kai shida na E30 da bel yake aiki, idan ya tsinke kuwa fistin zai daki bawul, aiki ya zama na sauke kan injin. Wanda ya sayi irin wannan mota bai san ranar da aka canza bel ba, gara ya canza nan take. Wasu Marsandi na farko zuwa tsakiyar shekarun 1990 suna da wayoyin injin da rigarsu ke marmashewa, abin da ke kawo matsalolin wuta masu rikitarwa.

Birki da taya kafin komai

Man birki yana tsotsar danshi daga iska. Idan ruwa ya yi yawa a cikinsa, yana tafasa lokacin da aka matsa wa birki, feda ta tafi ƙasa ba ta kama ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. A duba tiyon birki na roba, in ya tsattsage ko ya kumbura a canza.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau amma robarta ta tsufa, irinta ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi. Yawancin motocin wancan zamani ba su da jakar iska, wasu ma ba su da ABS, don haka birki da taya da bel ɗin kujera su ne duk kariyar da ke akwai.

Mai aiki a ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak kaɗai. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. A sa tsayayyen ƙarfe na tokare mota, a datse tayoyi, a yi aikin a kan daɓe mai ƙarfi, ba rairayi ba. Bulon siminti yana farfashewa ba gargaɗi.

Kwaskwarimar da ke biya da wadda ke cutarwa

Yanke sifirin don mota ta yi ƙasa yana da kyau a hoto, amma a hanyoyin burji na ƙauyukan Gwiwa da Babura, musamman da damina, tukunyar baƙin mai ce za ta fara dukan dutse. Yankakken sifirin kuma yana iya fita daga mazauninsa. Babban rim da siririyar taya yana lanƙwashewa a rami guda. Matatar iska buɗaɗɗiya da ake sawa don ƙara tana shaƙar iska mai zafi ta gidan injin, mai arha kuma tana barin ƙurar hunturu ta wuce. Huda salansa ƙara yake kawowa, ƙarfin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Ƙwan LED da aka cusa a gidan fitilar da ba a yi dominsa ba yana kashe idon mai tahowa.

Abin da ke sauya tafiyar tsohuwar mota da gaske ba ya ɗaukar ido: sababbin robobin ƙafa, shokoba masu kyau, saita ƙafa, fulogin da littafin motar ya ambata, da baƙin mai na asali a kan lokaci. Mai son sa allon Android ko amfilifaya ya sa fiyus kusa da batir, ya yi amfani da waya mai kaurin da ya dace. Ɗaure fiyus da ya ƙone da zaren waya hanya ce ta gobara. Wanda ya canza injin kuma ya tuna cewa lambar injin tana cikin takardun mota, sai ya gyara su kafin ya haɗu da jami'an VIO ko na FRSC.

Inda ya kamata a tsaya

Canza mai, fulogi, matata, batir da takalmin birki duk ayyuka ne da mai koyo zai iya, idan ya nemi littafin gyaran motarsa, ya kuma ɗauki hoto da waya a kowane mataki kafin ya kwance wani abu. Hoton nan ne ke ceto lokacin mayarwa. Saita bel ɗin injin, sauke kan injin, cikin giya, da walda kusa da tankin mai kuwa aikin gogaggen bakanike ne. Zuwa gareji da lambar matsala da bayanin abin da aka riga aka gwada yana rage lalube, yana kuma rage kuɗi.

Kazaure gari ne na ɗalibai, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga cibiyar koyon kwamfuta ta jiha. Matashin da ya iya karanta bayanin ƙwaƙwalwar mota, ya kuma zauna gaban tsohon bakanike ya koyi sauraron injin, ya haɗa sana'ar da ake nema, domin motocin da ke shigowa yanzu duk masu kwamfuta ne. Gwada gudu da juya mota kuwa wurinsu fili ne da aka killace da izini, ba titin da 'yan makaranta da masu babur da shanu ke tsallakawa ba.