M.I Abaga: Ɗan Jos da ya sa gambarar zamani ta yi kasuwa

Kafin 2008, mawaƙan gambarar zamani a Najeriya sun fi samun yabo fiye da kuɗi. Gwanaye irin su Modenine ana jinjina musu, amma kasuwa tana hannun masu waƙar rawa. Mutane da yawa na ganin gambarar kwaikwayon Amurkawa ce kawai, Turanci a guje, ba amshin da za a kama. Jude Abaga, wanda aka fi sani da M.I, yana cikin waɗanda suka sauya wannan lissafi.

An haife shi a Jos ranar 4 ga Oktoba 1981, ɗan wani fasto ne da asalinsa Takum a jihar Taraba. Ya yi sakandaren Baptist a Jos, ya wuce kwalejin Calvin da ke Michigan a Amurka, sannan ya dawo gida a 2003. A Jos ya fara gwada sa'a tare da ƙanensa Jesse Jagz da abokinsu Ice Prince, kuma daga baya kamfanin Chocolate City na su Audu Maikori ya ɗauke su duka ukun.

Aikin ɗan gambara shi ne jero baitoci a kan bugun kiɗa, da amsa-amo, da kirari, da habaici. M.I ya riƙe wannan duka, sai ya ƙara dabara guda: ya gauraya Turancinsa da buroka, ya kuma riƙa gayyato masu zaƙin murya su yi masa amshi. Mai neman fasaha ya samu a baitoci, mai son rawa ya samu a amshi. Haka ya gina kundinsa na farko, Talk About It, a Disambar 2008. A ciki mawaƙi Djinee ya yi amshin waƙar "Safe", aka kuma ji muryar wani yaro mai suna Wizkid tun duniya ba ta san shi ba. Shekara na zagayowa M.I ya ɗauki kambu biyu a bikin MTV na Afirka.

Ya koma Legas, amma bai bar Jos a baya ba. A kundin MI 2 na 2010, lokacin da garin ke fama da rikici, ya sa waƙar "Wild Wild West", inda ya yi kukan yadda birnin da ya tashi a ciki ya zama fagen zubar da jini.

Daga 2015 zuwa 2019 shi ne shugaban Chocolate City. Kujerar ba ta rufe masa baki ba. A 2017 ya saki waƙar da ya caccaki 'yan'uwansa mawaƙan gambara a kan sakaci da sana'a, aka yi ta mayar masa da martani. A 2018 kuma ya fitar da kundi sukutum a kan lafiyar ƙwaƙwalwa da darajar kai, batun da mawaƙan da suka saba da kirari ba su cika taɓawa ba.

A 2020 ya bar Chocolate City ya tsaya da ƙafarsa a kamfaninsa, Incredible Music. Kundinsa The Guy ya fito a 2022.