Ledar Sallah: Daga Tagar Mota Zuwa Tumbin Akuya

Ana saura kwana biyu Sallar Layya, tashoshin motar Maraɗi ba masaka tsinke. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa ke sauka daga Yamai, bayan tafiyar fiye da kilomita 600 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa. Wasu sun iso gida ke nan, wasu sai sun sake hawa kabu-kabu zuwa Tibiri ko Jiratawa. Duk inda mota ta yada zango, masu talla na miƙo kaya ta taga: ruwan leda, dafaffen ƙwai, tsire, biredi, kowanne da ledarsa. Da an gama ci, sai a wurgo ledar ta wannan tagar.

Ba kowace shara ke kwana a ƙasa ba, don Bamaraɗe ya san mai kuɗi a cikinta. Gorar roba yara ke tsincewa, a wanke, mai zoɓo ko mai man gyaɗa ta saya. Gwangwanin lemo maƙera ke narkawa su zuba tukunya da ludayi. Kashin awaki da tokar murhu kuwa, manomi kan turo amalanke har ƙofar gida. Abin da ya gagari kowa shi ne baƙar leda da ledar ruwa. Masu sayen tarkace da kilo suke saye, ita kuwa ba ta da nauyi, ga maiƙo ga ƙasa. Sai yaro ya wuni yana tsinta bai tara abin ɗorawa a sikeli ba.

Daga man fetur ake sarrafa ta, kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye da kara ba sa iya cinta. Rana kan gasa ta har ta farfashe, amma ɓurɓushin na nan cikin ƙasa shekara da shekaru. A birni akwai masu kwashe bola, ko da ba kullum ba. A ƙauye babu, kuma can matafiyin Sallah ke sauke tsarabarsa.

Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ke fara ɗanɗana kuɗarta. Ledar da aka ƙunsa tsire tana ɗauke da gishiri da ƙanshin mai, ga shi ƙarshen rani ne, ciyawa ta ƙare. Akuya ta lasa, ta tauna, ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, ba ta kuma fita da kashi. A tumbi take zama, wata ta tarar da wata, su cure su cinye gurbin abinci. Sai a ga dabba tana ramewa, nono ya ja baya, ciki kuma a kumbure. Masu wankin kayan ciki ranar Layya kan ci karo da wannan curin, baƙi ƙirin, mai tauri, ba ya warwaruwa sai da wuƙa. Awakin nan galibi na mata ne. Akuyar da ta mutu a Tibiri, ta yiwu da ita wata uwa ta dogara wajen kayan ɗakin 'yarta.

A gonakin ban-ruwa na Jiratawa, inda zogale ke fitowa, takin da aka kwaso daga juji da ledarsa yake zuwa, ta tare saiwa, ta hana ruwa shiga ƙasa. Sannan a shekarun nan Layya na kamawa ne a bakin damina: a Yuni aka yi ta 2024 da ta 2025. Ruwan farko ya share ledar biki ya cusa ta cikin magudanai, abin da ya tsallake ya gangara Gulbin Maraɗi.

Doka kam akwai ta. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta haramta yi da shigowa da sayarwa da amfani da irin wannan ledar marar kauri. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma sun bi hanin da hukunci. A nan, ko barkonon dala biyar ka saya, a leda za a ɗaure maka. Ni dai ban ga laifin mai talla ba, tun da ba a ba ta madadi mai araha ba.

Mai tafiya yana da abin yi. Gorar ruwa guda da za a riƙa cikawa tana maye gurbin ledoji da dama, tsaraba kuma tana shiga jaka ko buhu. Washegarin Sallah, ranar rabon nama, ba dole ne kowane kaso ya tafi a ledarsa ba: yaro ya ɗauki kwano da faifai, a juye a gidan Gwaggo, ya dawo da kwanonsa har da tukwici.

Babban nauyin dai yana kan kamfanonin sufuri da ma'aikatar magajin gari. Buhu ɗaya a rataye kusa da ƙofar mota, yaron mota ya zaga da shi kafin kowane zango, a sauke shi a tashar Maraɗi. Ledar da aka tara wuri guda tana yin nauyin da masu narka ta da yashi, su buga tubalin daɓe, za su iya saye.